Zanen Goshin Jiragen Yaƙi

Zanen goshi shi ne hoto ko laƙabin da mayaƙan sama ke zanawa a gaban jirginsu, kamar yadda direbobin hanyar Zariya zuwa Kano ke ƙawata manyan motoci da kirari. Ya yi tashe a Yaƙin Duniya na Biyu, zamanin da jiragen Ingila ke yada zango a Kano kan hanyarsu ta zuwa Masar.

'Yan Kanada da ke rundunar jiragen bam ta Ingila sukan ƙara hoton bam ɗaya bayan kowane farmaki. Kimanin 10,000 daga cikinsu sun kwanta dama. Zane 14 da aka yanko daga jiragen Halifax suna gidan tarihin yaƙi na Ottawa.