FITSARI KAFIN TUWO: TARIHIN GWAJIN ƘWAYA GA MASU KARƁAR TALLAFIN ABINCI A AMURKA

Da yawa daga cikinmu idan aka ambaci Amurka ba ma kawo yunwa a ranmu. Amma a 'yan shekarun nan mutum sama da miliyan 40 ne ke karɓar tallafin abinci na gwamnatin tarayyar ƙasar, wato kusan mutum ɗaya cikin takwas. Kuma kusan shekara talatin ke nan 'yan siyasarsu na ja-in-ja a kan tambaya guda: shin a ba talaka abincin haka nan, ko sai ya kawo fitsarinsa an auna an tabbatar ba ya shan ƙwaya?

Zargin mai karɓar taimako ya girmi Amurka kanta. Daga Ingila aka yi guzurinsa. A 1601 aka yi dokar da ta ɗora wa kowace gunduma ta coci nauyin ciyar da matalautanta daga harajin mazauna wurin. Masu biyan harajin suka dinga ƙorafin cewa malalata ne ke cinye guminsu, har a 1697 aka yi wata doka mai ban takaici: duk mai karɓar taimako, shi da matarsa da 'ya'yansa, sai ya ɗinka wani ƙyalle ja ko shuɗi a kafaɗar rigarsa ta dama, ɗauke da harafin P, harafin farko na kalmar matalauci a Turanci. Wanda ya ƙi sakawa a yanke masa taimakon. Sai a 1810 aka soke wannan doka. A 1834 kuma suka koma tsarin gidajen aikin dole, inda aka tsananta rayuwa da gangan, a raba miji da mata, a raba uwa da ɗa, don kada kowa ya nemi taimako sai wanda wuya ta kai masa iya wuya. Da wannan tunani na rarrabe talakan kirki da talakan banza Turawan da suka ƙetara teku suka sauka.

Tallafin abinci na Amurka ya fara ne a watan Mayun 1939 a garin Rochester na jihar New York, a ƙarshen shekarun karayar tattalin arziki. Abin lura shi ne ba tausayin talaka kaɗai ya haife shi ba. Manoma na da amfanin gona jibge babu mai saye, mutanen birni kuma na kwana da yunwa, sai gwamnati ta haɗa biyun. Idan mutum ya sayi takardun abinci masu ruwan lemo na dala ɗaya, sai a ƙara masa shuɗaye na rabin dala kyauta, ya sayi kayan da suka yi kwantai. Shi ya sa har gobe shirin ke ƙarƙashin ma'aikatar noma. An dakatar da shi a 1943 da yaƙin duniya ya samar wa mutane aiki. Shugaba Kennedy ya farfaɗo da shi a matsayin gwaji a 1961, Shugaba Johnson ya sa hannu ya zama doka a 1964, sannan dokar 1977 ta cire sharaɗin sai mutum ya biya wani abu kafin a ba shi takardun.

Takardun nan su ne sabon ƙyallen kafaɗa. Launinsu daban da na kuɗi, a cikin ɗan littafi suke, sai an yago su a gaban mai karɓar kuɗi a kanti. Duk wanda ke bayanka a layi ya san halin da gidanka ke ciki, kuma yana da damar leƙa kwandonka ya ga ko ka sayi abin da yake ganin bai dace da talaka ba.

A yaƙin neman zaɓen 1976 Ronald Reagan ya riƙa ba da labarin wata mata a Shikago wadda ya ce tana da sunaye 80 da adireshi 30, tana kwasar sama da dala 150,000 a shekara daga asusun taimako. Matar akwai ta, kuma mazambaciya ce ta gaske, kotu ta ɗaure ta. Sai dai kuɗin da aka tuhume ta a kansu ba su wuce kimanin dala 8,000 ba, kuma irinta ba ta da yawa. Duk da haka hotonta ya zauna a zukatan Amurkawa a matsayin hoton duk mai karɓar taimako, mace baƙar fata mai cin bulus, alhali farar fata su ne rukuni mafi yawa cikin masu karɓar tallafin abinci. Da shekarun 1980 suka zo da annobar hodar iblis mai araha a unguwannin talakawa, sai aka ƙara wa hoton ƙwaya. A 1986 Reagan, yana shugaban ƙasa, ya ba da umarnin fara gwajin fitsari ga wasu ma'aikatan tarayya, kamfanoni suka bi sahu, kofin fitsari ya zama ruwan dare a wuraren ɗaukar aiki.

Shekarar da komai ya sauya ita ce 1996. A watan Agusta Shugaba Bill Clinton ya sa hannu a babbar dokar garambawul ga tsarin taimako. Sanata Phil Gramm na Teksas ya cusa mata wani sashe da aka amince da shi bayan muhawarar 'yan mintoci: duk wanda kotu ta samu da babban laifi da ya shafi miyagun ƙwayoyi, an haramta masa tallafin abinci da na kuɗi har ƙarshen rayuwarsa, sai dai idan jiharsa ta yi dokar sassauta hakan. Ku duba fa, a lokacin wanda ya yi fashi ko kisa, idan ya gama zaman kurkuku, yana iya neman tallafin. Wanda aka kama da ƙullin hoda yana ɗan shekara ashirin kuwa ko ya tsufa babu shi babu abincin. Wani sashe na dokar kuma ya ba jihohi damar yi wa masu karɓar taimako gwajin ƙwaya.

A nan akwai bambancin da ya kamata mu riƙe, don a kansa rigimar ta ginu. Tallafin kuɗi ga iyalai masu yara, wanda ake kira TANF, jihohi ne ke tsara sharuɗɗansa. Tallafin abinci kuwa, wanda yanzu ake kira SNAP, kuɗin na tarayya ne, kuma doka ta hana jiha ƙara sharaɗin da majalisar tarayya ba ta sa ba. Don haka a kan tallafin kuɗi aka fara gwada abin.

Jihar Mishigan ce ta fara a 1999, ta ce kowa sai an gwada shi, da zargi ko babu. Makonni kaɗan aka yi kotu ta dakatar. A cikin mutum 268 da aka gwada, 21 aka samu da wani abu, kusan dukkansu tabar wiwi ce. Shari'ar ta ja har 2003, alƙalan kotun ɗaukaka ƙara suka rabu shida da shida, hukuncin hani ya tsaya.

Labarin Fulorida ya fi kowanne bayyana yadda abin yake. A 2011 Gwamna Rick Scott ya sa hannu a dokar da ta tilasta wa duk mai neman tallafin kuɗi ya je a gwada shi, kuma shi zai biya kuɗin gwajin daga aljihunsa, kimanin dala 30, idan ya tsallake a mayar masa. Mutumin da ya zo neman taimako don ba shi da na cefane, an ce ya fara nemo dala 30. Wanda ya faɗi gwajin an rufe masa ƙofa shekara guda, ko da yake dokar ta yarda wani babba da ya tsallake gwajin ya karɓa a madadin yaran. Cikin wata huɗu aka gwada mutum 4,086. Waɗanda suka faɗi 108 ne, wato kashi 2.6 cikin 100, a shekarar da binciken gwamnatin tarayya ya nuna kusan kashi 9 cikin 100 na Amurkawa sun taɓa haramtacciyar ƙwaya a watan da ya gabaci tambayarsu. Jihar ta mayar wa waɗanda suka tsallake dala 118,140, kuma da aka yi lissafi sai aka ga abin da ta kashe ya zarce abin da ta tsimi da sama da dala 45,000. Garin neman gira aka rasa ido.

Wanda ya kai ƙara wani tsohon sojan ruwa ne, ɗalibin jami'a, yana rainon ɗansa shi kaɗai, yana kuma jinyar mahaifiyarsa. Ya cika duk sharuɗɗa, ya ce ba ya shan komai, amma ya ƙi ba da fitsarin. Hujjarsa ita ce gyara na huɗu na kundin tsarin mulkin Amurka ya hana hukuma binciken mutum ba tare da dalili ba. Mai shari'a Mary Scriven ta dakatar da dokar a watan Oktoban 2011, ta soke ta gaba ɗaya a ranar ƙarshe ta 2013, kotun ɗaukaka ƙara ta tabbatar a Disambar 2014. Abin da kotunan suka tsaya a kai shi ne jihar ta kasa nuna cewa talakawa sun fi sauran jama'a shan ƙwaya, kuma talauci ba ya zubar wa mutum haƙƙinsa.

Daga nan jihohi suka sauya dabara. Sai a ba mai nema takardar tambayoyi, idan amsarsa ta jawo zargi sannan a tura shi gwaji. A Tenesi, cikin wata shida na farko bayan fara tsarin a 2014, mutum 16,017 suka nemi tallafi, 37 aka samu.

Duk da waɗannan alƙaluma, masu son a kai gwajin kan abinci ba su haƙura ba. A 2013 majalisar wakilai ta amince da ƙudirin da zai ba jihohi wannan dama, amma aka cire sashen kafin dokar noma ta 2014 ta fito. Cikin waɗanda suka jefa ƙuri'ar amincewa akwai Trey Radel, ɗan majalisa daga Fulorida, wanda a watan Nuwamban shekarar ya amsa laifin mallakar hodar iblis a gaban kotu, ya kuma ajiye kujerarsa a Janairun 2014. Mai dokar barci ya ɓige da gyangyaɗi. Jihar Jojiya ta yi tata dokar a 2014, ma'aikatar noma ta rubuto mata cewa ba ta da hurumi, dole ta janye. Gwamna Scott Walker na Wiskonsin ya maka gwamnatin tarayya a kotu a 2015 kan batun, aka kori ƙarar. A 2018 an ruwaito gwamnatin Trump na duba yiwuwar buɗe ƙofar ga wani ɓangare na masu karɓa, maganar ba ta zama doka ba.

Adalci ne mu faɗi hujjar masu goyon baya, don ba mahaukata ba ne. Suna cewa direban babbar mota da ma'aikacin masana'anta ana gwada su kafin su ci guminsu, to don me wanda zai ci harajinsu ba za a gwada shi ba? Suna kuma cewa gwajin hanya ce ta gano mai shaye-shaye a kai shi magani. Mu a ganinmu hujja ta farko tana da rauni, domin ana gwada direba ne saboda rayukan da ke kan hanya, ba don albashinsa kyauta ce ba. Kuma manyan manoma da ke karɓar tallafin gwamnati a ƙarƙashin dokar noma ɗaya da ta abincin, ba wanda ya miƙa musu kofi. Hujja ta biyu ta fi nauyi, amma shi kansa gwajin gurgu ne. Tabar wiwi na iya daɗewa a jikin mai yawan sha har makonni, hodar iblis kuwa cikin kwana biyu zuwa huɗu ta ɓace, giya ma galibi ba a nemanta. Sai ya zama an kama mai ƙaramin laifi, babban ya jira kwana uku ya wuce abinsa. Ga shi kusan kashi biyu cikin uku na masu cin tallafin abincin yara ne da tsofaffi da naƙasassu, katin kuma ba ya sayen giya ko taba. Idan an yanke rabon uba, tukunyar gidan ce ta ragu, kowa a ciki yake ci.

Ɓarnar da ba ta shiga lissafi ita ce ta waɗanda ba su zo ba sam. An yi shekara da shekaru ƙididdigar ma'aikatar noma tana nuna cewa ƙasa da rabin tsofaffin da suka cancanci tallafin ne ke nemansa, kuma kunya na cikin dalilan da ake ambata. Gwamnati ta san da haka. Shi ya sa aka maye takardun da kati irin na cirar kuɗi, aikin da ya game duk jihohi a 2004, aka kuma sauya wa shirin suna a 2008 don a rabu da tsohon sunan da ya zama abin gori. Hannu ɗaya na goge tabon, ɗaya na mayar da shi. Mu nan ba baƙin wannan ba ne. Duk wanda ya taɓa tsayawa a wurin rabon kayan azumi ya san akwai dattijuwar da ta gwammace ta sha ruwa da kunu zalla da a ɗauki hotonta riƙe da ƙullin shinkafa a watsa a Facebook, balle a ce ta shiga banɗaki da kofi a hannu.

Haramcin har abada na 1996 dai ya yi ta zaizayewa. Jihohi sun yi ta soke shi ko sassauta shi ɗaya bayan ɗaya, wasu da sharaɗin mai tsohon laifin ya shiga shirin magani ko ya yarda a riƙa gwada shi, kuma wannan wata kafa ce da gwajin ƙwaya ya samu ya shiga tallafin abinci bisa doka. Zuwa farkon shekarun 2020 jihar Karolina ta Kudu ce kaɗai ta rage tana riƙe da cikakken haramcin a kan abinci. Tunanin kuma ya ƙetara teku: a 2017 gwamnatin Ostireliya ta nemi gwada mutum 5,000 masu karɓar tallafin rashin aiki a yankuna uku, majalisar dattawa ba ta ba ta goyon baya ba, ta sake kawo ƙudirin a 2018 da 2019, nan ma bai wuce ba.