Mashaƙo: Tarihin Dafin da Ke Shiga ta Ƙofar Girma

Ƴan uwa ɗalibai, a shekarar 2023 cutar mashaƙo, wadda likitocinmu ke kira difteri, ta ɓulla a jihar Damagaram, musamman wajajen Matamaye, bayan ta riga ta kama yara da yawa a Kano tun ƙarshen 2022. Da yawanmu a lokacin muka fara jin sunanta, har wasu suka ɗauka sabuwar cuta ce. Ai tsohuwa ce tukuf. Na ga ya dace in bi tarihinta a nan, domin ni a ganina wanda ya san yadda dafinta ke aiki ba zai yi wasa da ciwon wuyan ƙanensa ba.

Sunan kansa daga Faransa ya fito. A 1826 likita Pierre Bretonneau na birnin Tours ya laƙaba mata shi daga kalmar Girkanci mai nufin fata, saboda wata fatar mai toka-toka da ke shimfiɗuwa a maƙogwaron yaro har ta toshe masa numfashi. A Turai ta wancan zamani, mashaƙo na cikin manyan masu kashe yara. Abin da ya fi ɗaure wa likitoci kai shi ne, wani yaron zai tsira daga shaƙewar, a ce ya samu sauƙi, bayan sati ɗaya ko biyu sai zuciyarsa ta tsaya. Me ya haɗa maƙogwaro da zuciya?

Masanan Jamus ne suka fara samo bakin zaren. Edwin Klebs ya hango ƙwayar cutar a madubin likita a 1883, Friedrich Loeffler kuma ya raine ta a ɗakin gwaji a 1884. Loeffler ya lura da wani abu: in ya sa wa dabba ƙwayar, tana nan zaune inda aka sa ta, amma ɓarnar sai ta bayyana can nesa cikin jiki. Sai ya yi zaton ƙwayar na sakin dafi mai bin jini. A 1888 Emile Roux da Alexandre Yersin suka tabbatar da haka a cibiyar Pasteur ta Paris. Sun tace ruwan da aka raini ƙwayoyin a cikinsa da matatar tangaran mai hana kowace ƙwaya wucewa, suka yi wa dabbobi allurar ruwan zalla, dabbobin suka mutu da irin ɓarnar mashaƙo. Ashe ƙwayar na zaune a wuya, tana aika manzonta ya yi kisa.

Daga nan magani ya biyo. A 1890 Emil Behring da Shibasaburo Kitasato, suna aiki a Berlin, suka nuna cewa jinin dabbar da ta saba da dafi na ɗauke da makarinsa. Roux ya ɗauki dabarar ya kai ta kan dawaki, tunda doki na da jini da yawa. A 1894 ya gwada ruwan jinin dokin a asibitin yara na Paris. Kafin nan kusan rabin yaran da ake kwantarwa da mashaƙo mutuwa suke. Da makarin, sai abin ya sauko zuwa wajen ɗaya cikin huɗu. Jaridar Le Figaro ta buɗe asusu, jama'a suka zuba kuɗi aka sayi dawaki. Behring ne ya karɓi lambar Nobel ta farko a fannin likitanci a 1901. Sai a 1923 Gaston Ramon, likitan dabbobi a cibiyar Pasteur, ya jiƙa dafin da sinadarin formol ya ɗumama shi, dafin ya rasa kaifinsa amma jiki na gane shi yana shirya masa makari. Wannan ita ce rigakafin da har yau ke cikin allurar Penta da ake yi wa jarirai a asibitocin unguwanninmu, a sati 6, sati 10 da sati 14.

To, an samu makari, an samu rigakafi, amma shekaru da yawa ba wanda ya san abin da dafin ke yi in ya shiga jiki. Wannan kashi na tarihin shi ya fi burge ni.

A 1951 Victor Freeman a Amurka ya gano cewa ba kowace ƙwayar mashaƙo ke da dafi ba. Sai wadda wani bairus ya shiga cikinta ya ajiye mata umarnin yin dafin. Kenan ita ma ƙwayar cutar kamuwa ta yi. An kuma lura tana fi zubo dafin in ta rasa sinadarin ƙarfe a inda take.

Yanzu mu leƙa cikin ƙwayar halittar jikinmu. Kowace ɗaya tana da ƙananan masaƙu da ke saƙa furotin dare da rana, kuma da furotin take gina kanta, take gyara abin da ya lalace, take girma. A masaƙar akwai wani ma'aikaci da masana suka sa wa suna EF-2, shi ke tura saƙar gaba taki ɗaya bayan ɗaya. Ku ɗauke shi kamar ƙoshiyar masaƙi: in ta maƙale, zare na nan, masaƙi na nan, amma ba ƙyalle. A 1967 John Collier ya nuna cewa EF-2 dafin ke nema. A 1968 Tasuku Honjo da abokan aikinsa a Kyoto ta Japan suka bayyana yadda yake yi: yana yanko wani guntu daga sinadarin NAD da ke cikin ƙwayar halittar kanta, ya liƙa wa EF-2, shi ke nan ya sandare. Dafin kuma ba ya ƙarewa a wannan aiki. In ya gama da ɗaya sai ya koma kan na gaba. Shi ya sa a 1978 masu bincike a Osaka suka nuna cewa ɗigo guda tak na ɓangaren dafin mai aiki, in ya samu shiga, ya isa ya kashe ƙwayar halitta ɗungurungum.

Saura tambaya ɗaya: ta wace ƙofa yake shiga? Amsar ta zo a 1992 daga ɗakin binciken Leon Eidels a Dallas. A jikin bangon ƙwayoyin halittarmu akwai wani furotin mai suna HB-EGF. Aikinsa kai saƙon girma ne. In an ji rauni, ana yanke shi daga bangon, ya je ya taɓa makarɓar saƙo ta maƙwabta, ya ce musu su rabu biyu su cike gurbi. Zuciya ma na buƙatarsa tun tana ginuwa a ciki. Wannan ɗan aike dafin ke kamawa tun yana manne a bango. Ƙwayar halitta ta haɗiye su tare cikin wata ƴar jaka, tsamin cikin jakar ya sa dafin ya buɗe, ya huda bangon jakar, ya tura ɓangarensa mai kisa ciki. Ƙofar da aka yi don girma ita ta zama ƙofar ɓarawo. Nan aka samu amsar tsohuwar tambayar likitoci: zuciya da jijiyoyi na da wannan ƙofa, shi ya sa yaron da wuyansa ya warke zai iya faɗuwa daga baya, ko hanƙarsa ta shanye ya riƙa sha ruwa na fitowa ta hanci. Nan kuma aka gane dalilin da ya sa ɓera ke jure dafin: nasa HB-EGF ya ɗan bambanta da namu, dafin ba ya kama shi sosai.

Masana ba su bar dafin haka ba, sun sa shi aiki. A farkon shekarun 1970 Tsuyoshi Uchida da Alwin Pappenheimer suka samo wani nau'insa mai suna CRM197, wanda canjin tubali ɗaya cikin 535 ya kashe masa kaifi. Yau shi ake ɗora wa wasu alluran rigakafi, irin PCV13 ta ciwon huhu, don jikin jariri ya fi saurin gane su. A 1999 kuma Amurka ta amince da maganin Ontak, inda aka cire wa dafin hannun da yake kama ƙofa da shi, aka dasa masa wani saƙon girma na ƙwayoyin garkuwa, don ya je ya kashe ƙwayoyin wata irin sankara.

Me ya sa na damu da duk wannan? Domin ilimin nan yana gaya mana abin yi a gida. Makarin doki na kama dafin da ke yawo a jini kaɗai. Wanda ya riga ya shiga ƙwayar halitta ya wuce kamu. Magungunan kashe ƙwayar cuta, irin penisilin, suna kashe mai dafin, amma dafin da ya fita ya fita. Kenan kowane yini da aka yi ana jiƙe-jiƙe, ko aka kai yaro wurin wanzami a cire masa hakin wuya, kyauta ce aka ba dafin. Ga shi makarin kansa ya yi ƙaranci a duniya, kamfanoni kaɗan suka rage masu yin sa, tun da ƙasashen masu kuɗi suka daina buƙatarsa.

Kada kuma mu ce cutar talaka ce kawai. A shekarun 1990, bayan rushewar Tarayyar Sobiyet, rigakafi ya yi rauni a can, mashaƙo ya kama mutum fiye da 150,000, dubbai suka mutu, da yawansu manya ne. Ƙwayar ba ta taɓa barin duniya ba, allura ce ke riƙe da ita.

Mu da muka iya karatu, a gidajenmu mu ake miƙa wa katin asibiti a ce mu duba. To mu duba da gaske. In hutu ya zo, ka tambayi inna katin auta, ka ƙirga Penta ko ta cika uku. In ba ta cika ba, ka ɗauke shi da kanka ka kai shi. In kuma ka ga yaro da zazzaɓi, wuya ya kumbura, ga farar fata mai toka-toka a maƙogwaro, kada a kankare ta, kada a jira gobe, a nufi asibiti a ranar. Allah ya tsare mana ƙannenmu.