'Yan Aji Shida Na 2020: Yadda Muka Gama Makaranta A Shekarar Korona

Kusan kowane rukuni na tsofaffin ɗalibai ya kawo tarihinsa a shafukan nan, har da hoton ranar yaye. Mu 'yan 2020 ba mu kawo ba, kuma ba mu da hoton da za mu kawo. Da sakataren ƙungiya ya nemi jerin sunayenmu, sai ga takardu biyu sun zo masa, ɗaya ta fi ɗaya tsawo. Dalilin wannan bambanci shi ne abin da nake so in bi diddiginsa tun kafin mantuwa ta shiga tsakani.

Mai karatu zai yi mamaki idan na ce da annoba muka shiga makarantar nan. A watan Yuli na 2014 wani mutumin Laberiya, Patrick Sawyer, ya sauka a Legas da cutar Ebola. Gwamnatin Tarayya ta ɗage komawa makaranta zuwa 13 ga Oktoba, daga baya ta dawo da ita 22 ga Satumba. Muna 'yan yara masu shirin shiga aji ɗaya, an sayi akwatin ƙarfe an ajiye, ana jira. A cikin watan Agustan nan ne aka tashi mutane da asuba wai a yi wanka da ruwan gishiri. Ebola ba ta zo Kano ba, jinkirin ma na 'yan makonni ne, shi ya sa da labarin korona ya ɓullo bayan shekara shida muka ɗauka irin wancan ne.

Ran 27 ga Fabrairu 2020 aka tabbatar da mutum na farko mai ɗauke da cutar a Nijeriya, wani ɗan Italiya, a Legas. Gaskiya hankalinmu ba ya wurin. Ran 9 ga Maris aka sauke Sarkin Kano Muhammadu Sanusi na Biyu aka naɗa Alhaji Aminu Ado Bayero, wannan ita ce hirar ɗakin kwana. Ran 14 ga wata aka fara jarrabawar JAMB, waɗanda suka yi rajista suka tafi cibiyoyin kwamfuta, wasunmu ranar suka fara taɓa kwamfuta da niyyar aiki. WAEC kuwa an tsara fara ta 6 ga Afrilu. Muna cikin wannan sai gwamnonin arewa maso yamma suka haɗu a Kaduna suka yanke shawarar rufe makarantu na kwana 30, daga Litinin 23 ga Maris. Kwamishinan ilmi na lokacin, Malam Muhammad Sanusi Sa'id Kiru, wanda ɗan yankinmu ne, shi ya ba da sanarwar ta Jihar Kano.

Kwana talatin ɗin nan shi ya sa da yawanmu muka bar littattafan rubutu a cikin akwati a makaranta. Wa zai ɗauki kaya niƙi-niƙi don hutun wata guda? Aka watse cikin raha. 'Yan Bebeji da Tiga suka kama hanyarsu, 'yan Kiru da Yako da Kafin Maiyaki suka kama tasu. Mu na kudu muka taru a Kwanar Dangora muna jiran motar Tudun Wada, 'yan Doguwa da Riruwai kuma suna ta gaggawa don su ratsa dajin Falgore da sauran rana. Babu wanda ya yi wa wani sallama ta kirki. Akwai waɗanda rabona da su ke nan har yau.

Abin da ya biyo baya kowa ya sani, zan taƙaita. Kano ta rufe iyakokinta a ƙarshen Maris, Kwanar Dangora ta cika da jami'an tsaro. Ran 11 ga Afrilu aka sami mai cutar na farko a Kano, ran 16 aka fara kulle, azumi ya kama ran 24, ran 27 Shugaba Buhari ya sa wa jihar dokar kulle ta mako biyu. A wannan tsakani ne mace-mace suka yi yawa a birni, manyan malaman jami'a da dattawa suka yi ta tafiya. Daga baya, a watan Yuni, Ministan Lafiya Osagie Ehanire ya ce an ƙirga mamata 979, kuma ana jin kashi 50 zuwa 60 cikin ɗari suna da alaƙa da cutar. Mu kuma ran 2 ga Mayu muka yi rashin Sarkin Rano Alhaji Tafida Abubakar Ila, wanda a lokacin ƙananan hukumominmu huɗu ke ƙarƙashin masarautarsa. Allah ya jiƙansu baki ɗaya.

To amma a ƙauyukanmu korona cuta ce ta rediyo. Dattawa sukan kwatanta ta da sanƙarau na 1996, wanda ya kashe mutum sama da 11,000 a ƙasar nan, su ce wancan sun gan shi da ido, yaro ya kwanta da safe wuya ya sanƙare, kafin dare an yi jana'iza. Wannan kuwa sai lissafi ake karantowa kowane dare. Ba na goyon bayan masu cewa ƙarya ce, maƙabartun birni sun isa shaida. Sai dai a wurinmu abin da ya shiga kowane gida shi ne rufe kasuwa da rufe hanya da rufe makaranta, kuma na ukun shi ya fi daɗewa.

Gwamnati ta sa darussa a gidajen rediyo da talabijin, an kuwa gode. Na saurari wasu. Amma darasin lissafi a rediyo, babu allo, babu damar cewa "Malam a maimaita", littafinka kuma yana kulle a makaranta, amfaninsa kaɗan ne. Muna jin 'ya'yan birni na makarantun kuɗi suna karatu ta intanet. Mu a garinmu sai ka hau tudu kafin waya ta kama, wayar ma ta yayanka ce.

Sannan damina ta faɗi. Wannan shi ne abin da masu rubuta tarihin korona daga birni ba su cika lura da shi ba. Kudancin Kano yakan riga arewacinta samun ruwa, musamman ƙasar Doguwa, tun watan Mayu an fara shuka. A kowace shekara ɗan aji shida yana cikin jarrabawa a wannan lokaci, iyaye sun saba, ba sa sa shi cikin lissafin gona. A 2020 kuwa ga saurayi ɗan shekara goma sha takwas zaune a gida, ga gonar masara, ga fadamar shinkafa, ga tsadar 'yan ƙwadago. Wane uba ne zai bar shi rungume da rediyo? Muka yi sharar gona, muka yi shuka, muka yi noman farko da maimai. Wanda gonar gidansu ba ta da yawa ya shiga ƙwadago a ta wasu, ya fara riƙe kuɗin kansa. Wasu suka nufi ramukan haƙar ma'adinai a Riruwai, wasu suka karɓi babur suna acaɓa, wasu suka shiga wurin masu gyaran shinkafa a Tudun Wada. Ban ga laifin ko ɗaya daga cikinsu ba. Kwana talatin ya zama sittin, ya zama casa'in, babu wanda ya san ranar komawa. 'Yan'uwanmu mata na makarantun da ke maƙwabtaka da mu nasu ya fi namu, domin da dama an ɗaura musu aure bayan ƙaramar Salla, iyaye suna cewa ba za a zuba wa yarinya ido tana jiran abin da ba shi da rana ba.

Watan Yuli ya ƙara dagula lissafi. An ɗage kullen Kano a farkon watan, aka fara maganar WAEC a watan Agusta. Ran 8 ga Yuli Ministan Ilmi Malam Adamu Adamu ya fito ya ce makarantun Gwamnatin Tarayya ba za su buɗe don jarrabawar ba, ya roƙi jihohi su ma su sake tunani. Kafin maganar ta iso ƙauye ta zama "bana babu jarrabawa". A ƙarshen watan, gab da babbar Salla wadda aka yi ran 31, aka sake shawara, aka ce 'yan ajin ƙarshe su koma 4 ga Agusta, WAEC ta fara 17. Kano ta sa 10 ga Agusta. Daga Litinin ɗin da aka sallame mu zuwa Litinin ɗin da aka buɗe ƙofa kwana 140 ne, mako ashirin cif. Labari na biyu bai yi gudun na farko ba. Na san wanda sai da malaminmu na aikin gona ya hau babur ya same shi a tsakiyar masara ya faɗa masa.

Masu WAEC, wato waɗanda iyayensu suka iya biya, su suka fara dawowa. Mafi yawanmu NECO muka dogara da ita, wadda gwamnatin jiha ke biya wa wanda ya ci kwalifayin, saboda haka sauran suka riƙa shigowa ɗaya-ɗaya. Mun tarar da ciyawa ta kai ƙugu a filin ƙwallo, gara ta ci littattafan wasu a cikin akwati. A bakin ƙofa ga bokiti mai famfo da sabulu, ga na'urar auna zafin jiki ana saita ta a goshi, kowa da takunkumi. Aka rarraba mu a ɗakunan kwana, gado nesa da gado. Abin dariya, babu juniya ko ɗaya, siniyoyin da suka shekara biyu ba su taɓa tsintsiya ba su suka yi shara, su suka ɗebo ruwa, su suka ɗauko gabza daga kicin. Hannuwan duk sun yi kanta, alƙalami yana yi mana baƙunta.

An ce ba a fafe gora ranar tafiya, amma malamanmu sun fafe shi. Mako ɗaya ne tsakanin buɗewa da takardar lissafi ta ran 17. Darasi da safe, darasi bayan la'asar, darasi da dare da fitilar caji, ba tare da an ƙara musu ko kwabo ba. Akwai malamin da yake zuwa daga nesa kullum cikin ruwan Agusta, ya shigo aji wandonsa sharkaf da taɓo. Malamai, idan ba mu faɗa a lokacin ba, yau muna faɗa: mun gode, Allah ya saka da alheri.

WAEC ta ƙare 12 ga Satumba. NECO ta fara 5 ga Oktoba, ƙannenmu suka dawo 11 da 12 ga watan, makaranta ta fara kama da makaranta. Ana wata ga wata, zanga-zangar EndSARS ta ɓarke, aka sa dokar hana fita a jihohi da dama, motocin da ke kai takardun jarrabawa suka kasa tafiya. Ran 25 ga Oktoba aka dakatar da NECO. Lokacin kaka ce, masara ta bushe, shinkafa ta nuna. Wasu suka tafi girbi da niyyar dawowa, da aka ci gaba ran 9 ga Nuwamba aka ga kujerunsu babu kowa. Waɗannan su suka fi tsaya mini a rai, domin sun rubuta rabin takardunsu.

Ran 28 ga Nuwamba aka rufe jarrabawar da a shekarun baya akan gama cikin Yuli. Ba a yi bikin yaye ba, ba a ba da kyaututtuka ba, ba a yi rubutu a riga ba. 'Yan kimiyya da 'yan adabi ba rana ɗaya suka gama ba, kowa ya ajiye alƙalami ya ɗauki akwati ya fita titi. Haka muka yi namu kandin. An yi maganar a kira mu walima a watan Disamba, sai aka sace ɗaliban makarantar kimiyya ta Ƙanƙara ran 11 ga watan, cutar ma ta sake tasowa, Kano ta sake rufe makarantu. Maganar ta mutu. Waɗanda suka ci JAMB kuma suka tarar da yajin aikin malaman jami'a, wanda aka fara a watan Maris ba a janye ba sai 23 ga Disamba.

Sakamakon WAEC ya fito 2 ga Nuwamba, kimanin kashi 65 cikin ɗari na ƙasa baki ɗaya suka sami kiredit biyar har da Turanci da lissafi. Na NECO ya fito a Janairu 2021, kusan kashi 74. Wanda ya dubi waɗannan alƙaluma zai ce korona ba ta taɓa karatu ba. Sai dai alƙaluman suna ƙirga wanda ya zauna ne kawai, ba su san da wanda yake cikin gona ranar ba.

Wannan shi ne asalin takardu biyun da suka zo wa sakatare. Gajerar an kwafe ta daga jerin waɗanda suka kammala jarrabawa, doguwar daga rajistar aji ta watan Maris. Na ji wasu yayyenmu suna cewa al'adar ƙungiya ita ce wanda ya fita da takardar shaida shi ne ɗan ƙungiya. Da girmamawa nake cewa wannan al'ada an gina ta ne a kan shekarun da makaranta ba ta taɓa rufe ƙofa mako ashirin ba. Mutumin da ya yi shekara biyar da rabi tare da mu, ya sha bulala tare da mu, ya ci gabza tare da mu, ba shi ya bar makaranta ba. Wasunsu yanzu manoma ne masu rufin asiri, wasu 'yan kasuwa, amma idan an haɗu a kasuwa sukan kauce, suna ganin ba sa cikinmu. Akwai kuma masu son sake zama jarrabawa daga waje, kuɗin rajista da wanda zai nuna musu hanya kawai suka rasa.

Saboda haka ina roƙon kwamitin zartarwa ya karɓi doguwar takardar, ya sa maganar cikin ajandar babban taro mai zuwa. 'Yan ajinmu kuma, kowa ya zauna ya tuna ɗakin kwanansa gado bayan gado, ya rubuta suna da gari, ya miƙa wa wakilin ƙaramar hukumarsa kafin ranar taron. Na ɗauki nauyin Tudun Wada. Bebeji da Kiru sun sami wakilai, saura Doguwa, musamman ɓangaren Riruwai.