Tsakanin Makero da Kirci: Tarihin Tambayar da Ido Ya Kasa Amsawa

A farkon ƙarni na 19, yaron da aka kai asibiti a birnin Faris da ɓawon ƙuraje a kansa yana iya gamuwa da wani magani da ake kira hular ƙaro. Sai a rage masa suma, a shafe ƙyalle da ƙaro mai danƙo, a manna masa a ka, a bar shi kwanaki har ya kama gashin sosai, sannan a fizge da ƙarfi. Gashi yakan fito da saiwarsa, wani lokaci har da fata. Masu wannan aiki sun lura da wata gaskiya, cewa akwai ciwon kan da ba ya warkewa muddin gashin da ya kamu yana nan. Abin da ya shige musu duhu shi ne abin da ke zaune a cikin gashin, saboda haka ba su da ma'aunin da za su ware yaron da ciwonsa ke cikin gashi daga wanda nasa na daban ne. Suna ɗaya, wato teigne a Faransanci, ya haɗa cututtukan kai iri-iri, har da wanda yau muka san kirci ne, ciwon da ba a ɗauka, ba kuma ruwansa da saiwar gashi.

Tambayar da ta gagari likitocin wancan zamani ita ce wadda uwa take yi yau idan ta ga zagayayyen tabo a kumatun ɗanta: makero ne ko kirci? Ilimin likitanci ya yi fiye da shekara ɗari kafin ya raba su har ya haɗa kowanne da maganinsa, kuma yara da yawa sun biya kuɗin wannan karatu da lafiyarsu. Ya kamata a san tarihin, domin a zamaninmu an sami abin da ke sake gauraya su.

Zamanin suna da kamanni

Sunayen da likitocin Turai suka gada sun nuna iyakar saninsu. Kalmar tinea ta Latin tana nufin asu, tsutsar nan mai cin tufafi, domin kan yaro mai kora yakan yi kama da rigar da asu ya ci. Sunan makero a Ingilishi ma ma'anarsa tsutsa mai zobe, alhali babu wata tsutsa a ciki. Sunan kirci kuwa daga wata kalmar Girkanci mai nufin tafasa ya fito, kuma ana samun sa a rubutun likita Aetius, mutumin Amida, wato Diyarbakir ta ƙasar Turkiyya a yau, tun ƙarni na 6. Bahaushe ma ya daɗe da nasa sunayen: makero a jiki, kora a ka, ga kirci, ga ƙyasbi, ga ƙazuwa. Duk waɗannan sunaye ido ne ya raɗa su.

Ɗaya daga waɗanda suka fara yi wa cututtukan fata tsari na ilimi shi ne Robert Willan, likita a Landan, a littafinsa na 1808, sannan almajirinsa Thomas Bateman ya kammala aikin a 1813. Sun kasa cututtuka bisa siffar abin da ya fito: mai ruwa, mai mugunya, mai ɓawo, da sauransu. Tsarin ya taimaka ƙwarai wajen sa likitoci su yi magana da harshe ɗaya, amma ya haifar da wani abin mamaki. Makeron jiki ya faɗa rukunin ƙuraje masu ruwa, gida ɗaya da kirci. Kora kuma, wadda ita da makero cuta ɗaya ce, ta faɗa rukunin masu mugunya a ƙarƙashin sunan porrigo, tare da ɓawon fuskar jarirai wanda yawancinsa kirci ne. An raba 'yan uwa, an haɗa baƙi. Kama da wane, in ji Hausawa, ba ta wane.

Abin da madubi ya gani

Haske ya ɓullo daga inda ba a zata ba. A 1835 wani ɗan Italiya mai suna Agostino Bassi ya nuna cewa cutar da ke kashe tsutsar siliki wata fumfuna ce ke haddasa ta, irin halittar da likitoci ke kira fangas. Likitoci suka fara tunanin ko mutum ma yana da irin wannan. A 1837 Robert Remak a Balin ya ga wasu zare-zare a madubin ƙara girma cikin ɓawon favus, wani mugun nau'in kora mai ɓawo rawaya da ke barin sanƙo. A 1839 Johann Lukas Schönlein ya bayyana cewa zaren nan fumfuna ce. A 1842 Remak ya shuka ɓawon a damtsensa, ciwon kuwa ya tsiro. A Faris, David Gruby, mutumin Hangari, ya bi kawunan yara da madubinsa tsakanin 1841 da 1844, ya gano nau'o'i daban-daban, har da wanda ya raɗa wa suna Microsporum audouinii a 1843. Wannan ya faru kusan shekara arba'in kafin Robert Koch ya gano ƙwayar tarin fuka a 1882, don haka kora tana cikin cututtukan ɗan Adam na farko da aka kama ƙwayarsu da ido.

Daga nan tambayar ta sami amsa, aƙalla a ɗakin gwaji. A kankaro ɓawo, a duba. In an ga zaren fumfuna, makero ne ko kora. In babu, sai a nemi dalili a wani wuri. Raymond Sabouraud na asibitin Saint-Louis a Faris ya ƙara da dabarar shuka ƙwayar a kan wani haɗi mai sukari, wanda har yau ake amfani da shi da sunansa, ya kuma tattara iliminsa a babban littafinsa na 1910. Bayan shekara biyu, Charles Joyeux ya bayyana wani nau'i daga Afirka ta Yamma, Trichophyton soudanense. Shi da nau'in da Gruby ya gano suna cikin manyan masu haddasa kora a yankinmu har gobe.

Sanin cuta ba tare da magani ba

Gane ƙwayar bai zo da magani ba, sai ma ya ƙara wa yaran nauyi. Tunda an tabbata ana ɗauka, a daidai lokacin da Turai ke tilasta ilimin firamare, sai aka riƙa korar masu kora daga aji. A 1886 aka buɗe musu makaranta ta musamman a cikin asibitin Saint-Louis, inda yaro kan yi shekara biyu ana tuge masa gashi da hantsaki. Landan ma ta buɗe nata makarantun a farkon ƙarni na 20. A tsibirin Ellis, ƙofar shiga Amurka, ganin favus a kan baƙo yana iya sa a mayar da shi ƙasarsu. A irin wannan yanayi, kuskuren kiran kirci da sunan kora yana iya raba yaro da karatunsa da iyayensa.

A 1904 Sabouraud da Henri Noiré suka fito da hanyar auna hasken eksire, wanda Röntgen ya gano a 1895, ta yadda zai zubar da gashi duka cikin 'yan makonni, daga baya sabo ya tsiro babu cuta. Jinyar shekara biyu ta koma ta wata uku, duniya ta karɓa hannu bibbiyu. Wasu kuma suka koma ba yara gishirin taliyom su sha don gashi ya zube, alhali guba ne. A 1930 yara goma sha huɗu suka mutu a wani gidan marayu a Garnada ta ƙasar Sifen saboda kuskuren awo. Illar eksire kuwa ta ɗauki shekaru kafin ta bayyana. A Isra'ila, inda aka haska kawunan dubban yara tsakanin 1948 da 1960, yawancinsu 'ya'yan baƙi daga Arewacin Afirka da Gabas ta Tsakiya, binciken da Baruch Modan ya buga a 1974 kan yara fiye da 10,000 ya nuna ƙaruwar ƙari a ƙwaƙwalwa da sankarar tayirod a wuya. A 1994 ƙasar ta yi dokar biyan su diyya. Garin neman gira aka rasa ido.

Mafita ta zo a 1958, lokacin da James Gentles a Gilasgo ya nuna cewa griseofulvin, wani sinadari da aka ciro daga wata fumfuna tun 1939, yana warkar da cutar idan an sha shi. Yana shiga cikin sabon gashi tun daga saiwa, ya hana ƙwayar ci gaba. Cikin 'yan shekaru aka daina haska kawunan yara.

Hanyar kirci

Shi kirci, an daɗe ana neman ƙwayarsa ba a samu ba, domin babu. A 1892 Ernest Besnier a Faris ya lura cewa yana tafiya da asma, kuma yana bin dangi. A 1933 Fred Wise da Marion Sulzberger a Niyok suka ware irin na yara suka ba shi suna na kansa. A 2006 masu bincike a Dundee ta Sikotland, a ƙarƙashin Irwin McLean, suka nuna cewa da yawa daga masu shi sun gaji tawaya a wani furotin, filaggrin, mai taimaka wa fata riƙe danshi. Fatar tana bushewa, abubuwan waje suna kutsawa, garkuwar jiki tana harzuƙa. Shi ya sa yake tsananta da hunturu. Maganinsa na farko mai ƙarfi ya zo a 1952, da Sulzberger da Victor Witten suka gwada shafa hydrocortisone, wani sitiroyid mai kwantar da garkuwar fata.

Cikin shekara shida kowace cuta ta sami maganinta, sai dai magungunan kishiyoyin juna ne. Makero baƙo ne da jiki ke yaƙa, kirci kuwa jiki ne ke faɗa fiye da kima. Sitiroyid yana kwance damarar jiki, abin da kirci ke buƙata ke nan, kuma abin da fumfuna ke jira ke nan. A 1968 likitoci biyu a Ingila, Ive da Marks, suka bayyana makeron da aka shafa wa sitiroyid: ƙaiƙayi ya lafa, zoben ya ɓace, cutar ta bazu a ɓoye, ta koma kama da kirci. Suka kira shi tinea incognito, makero mai ɓad da kama.

Indiya ta nuna inda wannan hanya ke kaiwa. A can, man shafawa masu haɗa sitiroyid mai ƙarfi da maganin fangas da na bakteriya sun cika shaguna ba tare da takardar likita ba. Sai aka wayi gari da annobar makero mai mamaye jiki, da wani nau'i da sau da yawa ba ya jin terbinafine, ɗaya daga manyan magungunan cutar. A 2020 aka raɗa masa suna Trichophyton indotineae, a 2023 kuma aka ba da rahoton ɓullarsa a Amurka. Irin wannan man mai haɗi uku yana nan a kemis-kemis na garuruwanmu, kuma shi ne abin da iyaye da yawa ke fara miƙa hannu gare shi.

Abin da tarihin ya bar wa iyaye

Ido yana da rawar da zai taka, in an san iyakarsa. Makero yakan fara da tabo ɗaya ko biyu a gefe ɗaya na jiki, bakinsa a tashe da ɗan ɓawo, tsakiyarsa tana washewa yayin da yake faɗaɗa. Sau da yawa akwai wanda aka ɗauka a wurinsa: ɗan uwa, abokin wasa, kyanwa, ko askar wanzami da injin aski. A ka, yakan bar fili mai guntayen gashi ko baƙaƙen ɗigo, wani lokaci da kaluluwa a ƙeya. Kirci kuwa ƙaiƙayinsa mai hana barci ne, fatar yaron duka a bushe take, yana fita a ɓangarori biyu daidai: kumatu a jariri, lanƙwasar gwiwar hannu da bayan gwiwa a yaron da ya tasa. Yana tafiya yana dawowa, kuma akan sami mai asma a dangi. A baƙar fata jan da littattafan Turai ke ambata ba ya fitowa sosai, sai dai duhu ko toka-toka, ko ƙananan ƙuraje a bakin ramin gashi.

Akwai kuma kirci mai siffar kwabo, zagayayye kamar makero, sai dai tsakiyarsa a cike take. A nan ne ido ke gazawa kamar yadda ya gaza wa Willan, a nan ne kuma ake komawa ga aikin Gruby: a kankaro ɓawo daga bakin tabon, a ɗiga masa ruwan sinadarin potash, a duba a madubi. Gwajin ba ya cin lokaci mai yawa. In kora ce, man shafawa kaɗai ba ya kaiwa cikin gashi, sai maganin sha na makonni, kuma likita ne zai auna shi da nauyin yaro. In har an riga an shafa wani abu a gida, a tafi da kwalinsa asibiti a nuna, domin wataƙila shi ne ya sauya wa tabon kama.