Tarihin Kallon Tsuntsaye a Nijeriya da Makomar Lambun Makarantarmu

Da Edita ya nemi in rubuto wani abu a kan tarihi, na san da yawa za su zaci labarin sarakuna ko na yaƙe-yaƙe zan kawo. To, ni dai labarin tsuntsaye na zo da shi, kuma ina roƙon a daure a karanta har ƙarshe, domin maganar za ta dawo gida.

Duk wanda ya yi zamani da mu ba zai manta da lambun nan na bayan ajujuwa ba, mai mangwaro da gwaba da tsamiya da manyan maɗatai. A nan ne wata rana malaminmu na kimiyya ya kama ni da danƙo a hannu da kurciya a aljihu. Na sadaƙar bulala zan sha, amma sai ya karɓe danƙon ya miƙo mini littafin rubutu, ya ce hukuncina shi ne in rubuta sunan kowane tsuntsu da na gani a lambun har ƙarshen zango. Na fara da hankaka da shirwa da hasbiya, na zo kan cilakowa da ragon maza da tsattsewa, da damina ta kusa kuma sai ga shamuwa. Sai daga baya na gane cewa wannan hukunci da aka yi mini wani fanni ne na ilmi mai tarihinsa.

Mu Hausawa mun san tsuntsaye tun kaka da kakanni. Manomi ya san zuwan shamuwa alamar ruwa ne, makiyayi ya san balbela da carki abokan tafiyar shanu ne. Abin da ba mu saba da shi ba shi ne rubutawa, watau a ce ga tsuntsun da aka gani, ga wurin, ga ranar. Wannan aiki ya samu tsari a ƙasar nan a shekarar 1964, lokacin da aka kafa ƙungiyar masu nazarin tsuntsaye ta Nijeriya. Cikin jagororinta akwai Farfesa John Elgood na Jami'ar Ibadan, da Robert Sharland wanda ya daɗe a Kano yana sa wa tsuntsaye zobe a ƙafa don a gane inda suke zuwa, da kuma Hilary Fry wanda ya koyar a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya. Ta irin wannan zobe ne aka tabbatar da cewa wasu ƙananan tsuntsayen da muke gani da hunturu daga Turai suke tasowa, su ƙetare hamadar Sahara, su sauka a fadamunmu. Daga baya ƙungiyar ta faɗaɗa ta haɗe Afirka ta Yamma, kuma tun 1979 take buga mujallarta mai suna Malimbus. A yau an san Nijeriya tana da tsuntsaye iri fiye da 900.

To amma ƙidaya kaɗai ba ta hana tsuntsu ƙaura idan an sare bishiyarsa. Saboda haka a 1980 marigayi Cif S.L. Edu ya jagoranci kafa Gidauniyar Kare Muhalli ta Nijeriya, wadda aka fi sani da NCF. A 1990 gidauniyar ta keɓe fili mai hekta 78 a yankin Lekki na Legas, a lokacin da wurin yake bayan gari, duk fadama da kurmi. Ba da daɗewa ba sai birni ya tarar da shi, ya kewaye shi da benaye da tituna ta kowane gefe. Yau idan ka shiga wannan lambu sai ka ji ƙarar motoci tana raguwa, kukan tsuntsaye yana ƙaruwa, ga birai suna tsalle a kan itatuwa. A 2015 aka buɗe wata gada mai lilo ta saman bishiyoyi, mai tsawon mita 401, wadda take jawo baƙi da 'yan makaranta. Da a ce an jira sai birni ya iso kafin a kafa shinge, da tuni an yanka wurin fuloti-fuloti.

Misali na biyu a nan Arewa yake, watau dajin Amurum da ke ƙauyen Laminga, kimanin kilomita 15 daga Jos. Ƙaramin daji ne mai duwatsu, faɗinsa bai wuce hekta 300 ba, amma an rubuta tsuntsaye kusan iri 300 a cikinsa. A 2001 aka kafa cibiyar nazarin tsuntsaye ta A.P. Leventis a wurin, tare da haɗin gwiwar Jami'ar Jos da NCF da mutanen Laminga, kuma tun daga nan take yaye ɗalibai masu digiri na biyu daga ƙasashen Afirka daban-daban.

Akwai wani labari na wannan yanki da ba na gajiya da ba da shi. A duwatsun Jos akwai wani ɗan baƙin tsuntsu mai sheƙi wanda ba ya yin sheƙa. Macen takan je ta yi ƙwai a sheƙar wani tsuntsu, a ƙyanƙyashe mata a rainar mata, shi kuma ɗan ya tashi yana kwaikwayon kukan wanda ya raine shi. Wani masani Ba'amurke, Robert Payne, ya lura cewa kukan da wannan tsuntsu yake kwaikwayo bai yi daidai da na kowane tsuntsun da masana suka sani ba. Da aka bi sawu sai aka gano mai kukan, wani ɗan jan tsuntsu ne na cikin duwatsu, dangin jan nan da ke tsince-tsince a tsakar gida, kuma sai a 1998 aka shigar da shi littafin masana. Jama'a, ku duba fa, kunne da haƙuri ne suka yi wannan aiki.

Inda kuwa ba a kula ba, mun ga abin da ya faru. Wanene a cikinmu bai tuna ungulaye jere a kan rufin mahauta da kasuwanni ba? Yau sai yaro ya gama sakandare bai taɓa ganin ungulu ba. A 2015 ƙungiyar kare halittu ta duniya, IUCN, ta sa wannan ungulu ta cikin gari a jerin halittun da ke dab da ƙarewa. Dalilan kuwa sanannu ne, farauta don sayar da sassan jikinta ga masu tsibbu, da guba, da sare manyan itatuwan da take kwana a kai. Alhali kuwa ita ce take kwashe mushe kyauta kafin ya zama cuta. Haka ma gauraka, wanda iyayenmu suka saba gani a fadamu, ya yi wuyar gani ƙwarai a ƙasar nan.

Yanzu bari in dawo gida. Kwanakin baya na kai ziyara makaranta, na tarar unguwanni sun kewaye ta, gonakin da muka sani duk sun zama gidaje. Lambunmu ne kaɗai sauran inuwa a wannan shiyya, shi ma an sare maɗatai da dama, kuma na ji ana raɗe-raɗin a gina shaguna a gefensa don samun kuɗin shiga. Ban raina bukatar kuɗi ba, na san halin da makarantu suke ciki. Amma shago ana gina shi a wata uku, maɗacin da aka sare kuwa sai jikokinmu ne za su ga madadinsa. Duk da haka, da na zauna da sassafe a gindin tsamiyar nan, na ji cilakowa, na ga ragon maza yana sanɗa a cikin ciyawa. Ke nan lokaci bai ƙure mana ba.

Saboda haka ina ba ƙungiyarmu shawara uku. Na farko, mu nemi hukumar makaranta ta keɓe lambun a rubuce, mu kuma mu haɗa kuɗin shinge. Na biyu, kowane rukuni na tsofaffin ɗalibai ya dasa itatuwan gida, irin su ɗorawa da kanya da ɓaure da tsamiya, domin su ne tsuntsayenmu suka sani. Na uku, mu sayi madubin hangen nesa ko da biyu ne, da littafin rubutu, a kafa wa yara ƙungiyar kallon tsuntsaye. Tun 2015 ake gudanar da aikin taswirar tsuntsayen Nijeriya daga cibiyar nan ta Jos, inda 'yan sa-kai suke aika abin da suka gani ta wayar hannu, kuma babu abin da zai hana ƙannenmu shiga ciki.

Hausawa sun ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Ni shaida ne, domin da malaminmu ya zaɓi bulala, da ban rubuto wannan ba. Allah ya jiƙan malamanmu da suka riga mu, ya saka wa waɗanda suke raye, ya kuma ba mu ikon riƙe amanar da suka bar mana, amin.