Ƙato Bayan Ƙato: Shekarun da Aka Yi Zaɓe Ba Akwati

Duk lokacin da aka tashi daga zaɓe ana kukan maguɗi, sai ka ji dattawa a majalisa suna cewa a koma tsarin zamanin Babangida. Ƙato bayan ƙato suke nufi: a kafa hoton ɗan takara, masu sonsa su jeru a bayansa, malamin zaɓe ya bi layi yana ƙirge da murya, kowa yana ji.

Ba haka kawai tsarin ya faɗo ba. Zaɓen 1983 ya bar tabo. An cusa ƙuri'un bogi a akwatuna, an sauya alƙaluma, har aka yi ƙone-ƙone a Jihar Ondo, kuma kafin shekarar ta ƙare soja sun dawo. Da Janar Babangida ya ƙirƙiro jam'iyyu biyu a 1989, SDP mai doki da NRC mai gaggafa, hukumar zaɓe ta NEC ƙarƙashin Farfesa Humphrey Nwosu ta zaɓi ta kawar da akwatin gaba ɗaya. Da layi aka zaɓi shugabannin ƙananan hukumomi a Disambar 1990, da gwamnoni a Disambar 1991, da 'yan majalisar tarayya a Yulin 1992.

Ta wani fanni abin ya yi aiki. Matacce ba ya shiga layi, kuma ba a sace layi a gudu da shi a mota. Kuɗin buga takardu ma ya ragu. Amma a tambayi ɗan haya da ya hango maigidansa a ɗaya layin, ko manomin da dagaci ke tsaye yana kallon inda zai dosa, ko matar da ra'ayinta ya saɓa da na mijinta. Ma'aikatan gwamnati da yawa sun gwammace su zauna a gida. Mai sayen ƙuri'a kuwa kakarsa ta yanke saƙa, domin ba ya buƙatar rantsar da kowa, idonsa ya ishe shi shaida. Irin wannan tsoro ne ya sa yankunan Ostireliya suka fara zaɓen sirri tun 1856, Birtaniya ta bi a 1872. Kenya ma ta gwada layi a 1988 zamanin Shugaba Moi, aka riƙa sanar da gajeren layi a matsayin wanda ya ci, jam'iyyar KANU ta soke shi a 1990.

Abin da masu begen nan suka cika mantawa shi ne, zaɓen 12 ga Yunin 1993 da suke kafa hujja da shi ba da layi aka yi shi ba. Kafin lokacin hukumar ta yi wa tsarin kwaskwarima: a tantance mutane da safe, kowa ya dangwala yatsa a ɓoye, ya jefa ƙuri'a a bainar jama'a, a ƙirga nan take a faɗi sakamako. Shi kuwa Option A4 da ake haɗa shi da tsarin layi, hanya ce ta fitar da ɗan takarar shugaban ƙasa daga mazaɓa zuwa ƙaramar hukuma, zuwa jiha, zuwa babban taro, bayan an soke zaɓen fidda gwani na 1992 an haramta wa su Shehu Musa 'Yar'aduwa da Adamu Ciroma takara. Ta nan Moshood Abiola ya fito a Jos, Bashir Tofa a Fatakwal.

A ganina sirrin dangwala yatsan nan yana da hannu a abin da ya faru a Kano, inda Abiola ya kayar da Tofa a jiharsa ta haihuwa. Da a layi ne, Kanawa nawa za su iya tsallake ɗan gida a gaban maƙwabta? Alƙaluman da suka fito daga faɗin ƙasar sun ba Abiola kusan kashi 58 cikin 100. Kotu ta dakatar da sanar da sakamako, ranar 23 ga Yuni kuma gwamnatin soja ta soke zaɓen dungurungum, ba tare da ta taɓa akwati ko ɗaya ba.