Agogon da ba ya nuna lokaci: yadda ƙofar USB ke aiki

A cibiyoyin rajistar lambar shaidar ɗan ƙasa ta NIN da shagunan kwamfuta a garuruwa irin su Wurno da Rabah da Goronyo a jihar Sakkwato, kusan dukkan aiki ta ƙofar USB yake bi: na'urar ɗaukar hoton yatsa, da kyamara, da na'urar buga takarda, da filash.

Akwai wata matsala da masu irin wannan aiki suka saba gani. Kwamfuta za ta yi barci don tsimin batir, idan aka tashe ta sai ta daina ganin na'urar da ke jone da ita, ga jama'a a kan layi. Wani lokaci laifin igiya ne ko ƙura. Wani lokaci kuma tushen matsalar wani agogo ne da ke can cikin kwamfutar.

Wane irin agogo ne?

Ba shi ne agogon da ke nuna sa'a da kwanan wata ba. Wancan yana da ɗan batirinsa mai kama da kwabo, kuma yana bugawa sau 32,768 a daƙiƙa ko da an kashe kwamfutar.

Wanda ake magana a kai bugun lantarki ne da ke tsara tafiyar sassan na'ura, kamar yadda makaɗin noma ke daidaita saran fartanya a wurin gayya. Asalinsa wani ƙanƙanin dutse ne da ake kira kwaz, wanda ke karkarwa idan lantarki ya ratsa shi, galibi sau miliyan 12 ko miliyan 24 a daƙiƙa. Wani sashe kuma sai ya ninka bugun zuwa adadin da ake bukata.

A bayan kowace ƙofar USB akwai wani sashe da ke jagorantar ta. Shi ke fara magana, shi ke ba kowace na'ura damar amsawa. Idan babu bugun agogo, wannan jagora tamkar gawa yake.

Me ya sa sai ya zama daidai?

Kamfanoni bakwai, ciki har da Intel da Microsoft da IBM, su ne suka fito da tsarin USB a shekarar 1996, da gudun da bai wuce bit miliyan 12 a daƙiƙa ba. A shekarar 2000 aka fitar da USB 2.0 mai gudun miliyan 480, sannan USB 3.0 ta biyo baya a 2008 da biliyan 5.

Igiyar USB ta asali wayoyi huɗu ne a cikinta: biyu na wuta, biyu na saƙo. Babu wayar da aka keɓe wa agogo. Don haka mai karɓar saƙo daga cikin saƙon yake gano bugun mai aikowa, abin da ba zai yiwu ba sai agogunansu sun yi kusa da juna ƙwarai.

Ƙa'idar ta yarda da kuskuren kashi 0.25 cikin ɗari ga gudun miliyan 12. Ga gudun miliyan 480 kuwa, bugu 500 kacal aka lamunta cikin kowane miliyan. Da zarar an zarce haka, saƙo ya dagule.

Haka kuma jagoran yana aika wata 'yar alama sau dubu a kowace daƙiƙa, ko sau dubu takwas a babban gudu. Na'urar da ta ji layin ya yi shiru na tsawon kashi uku cikin dubu na daƙiƙa, wajibi ne ta fara shirin barci, ta rage wutar da take ja.

Aikin direba

Kowane bugu na agogo yana cin wuta, ko ana aiki ko ba a yi. A wurin da wutar gwamnati ba ta da tabbas, inda batir da sola da janareta ke riƙe da sana'a, wannan ba ƙaramin al'amari ba ne.

Manoman rani na fadamar Rima sun san kwatankwacin abin. Madatsar ruwa ta Goronyo, wadda aka kammala a 1984, ba a barin ƙofofinta a buɗe dare da rana. Ana sakin ruwa ne gwargwadon bukatar waɗanda ke ƙasa da ita, har zuwa Wurno da birnin Sakkwato.

Haka ake yi wa agogo. Mai buɗewa da rufewa wata 'yar manhaja ce da ake kira direba, wadda ke tsakanin babbar manhajar kwamfuta, kamar Windows ko Linux, da jagoran USB.

A nan bin tsari shi ne komai. Direba zai fara kunna wutar sashen, ya buɗe agogo, ya jira bugun ya daidaita, daga nan ne zai yi wa jagoran magana. Idan ya yi gaggawar magana alhali agogon na rufe, a na'urori da dama ba amsa kawai zai rasa ba, na'urar gaba ɗaya za ta iya sandarewa. Wajen barci kuma sai ya bi matakan a juye. Direban da ya manta da mataki ɗaya wajen farkawa shi ke sa na'urar ɗaukar yatsa ta ɓace. Wanda ya manta bai rufe ba kuwa, batir ne zai zube a banza.

Wata wahalar ita ce sassa da yawa kan sha daga agogo ɗaya. Saboda haka Linux, wadda a kanta aka gina Android, tana ƙirga masu amfani da kowane agogo, kuma ba ta rufe shi sai na ƙarshe ya sallama. Kafin shekarar 2012 kusan kowane kamfanin da ke ƙera ƙwaƙwalwar waya da tasa hanyar. A shekarar ne aka shigar da tsarin bai-ɗaya cikin Linux 3.4, ƙarƙashin jagorancin injiniya Mike Turquette.

Abin da mai shago zai iya yi

Mai amfani da kwamfuta ba ya taɓa agogon da hannunsa. Amma idan na'ura ta saba ɓacewa bayan barci, sabunta direban daga kamfanin da ya ƙera kwamfutar shi ne matakin farko.

A Windows, cikin saitin wutar lantarki, akwai zaɓin da ke hana ƙofofin USB yin barci ɗaya bayan ɗaya. Hana su barcin yakan magance matsalar, sai dai batir zai riƙa ƙarewa da wuri.